Kakin da Kawu Dauda Ya Bari a Kan Keke

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ranar Talata, kwana bakwai da rasuwar Kawu Dauda tela, muka buɗe shagonsa da ke bakin hanyar Agyaragu. Mu uku ne: ni Shu'aibu ɗan ƙanwarsa, da Inna Asabe matarsa, da Mamman mai walda, maƙwabcinsa na shekara ashirin. Mun je ne mu ware kayan mutane daga nasa kafin a zauna rabon gado. Komai ya tafi daidai sai abu ɗaya. A kan keken ɗinki mun tarar da riga da wando na kaki, an gama su tsaf, maɓalli biyu kawai suka rage. Babu suna. Igiya ce kawai mai ƙulli tara ɗaure a wuyan rigar. Amanar wani ce, kuma har yau ba mu san mai ita ba.

Ku da kuka san shi kun san dalili. Kayan aiki kaɗai Kawu yake ɗinkawa, kuma ba ya awo da tef, ba ya rubutu. Igiya yake yanka wa kowa, ya ƙulla kafaɗa, ya ƙulla ƙugu, ya ƙulla gwiwa, ya rataye ta a ƙusa. Ni ba na son aiki babu tsari, don haka na sayo masa littafi, na sa wa kowane shafi lamba da hannuna. Bayan mako guda na tarar ya tokare ƙafar keke da shi.

Na ce, "Kawu, ba don wannan na kawo ba."

Ya ce, "Shekara shida keken nan yana rawa, Shu'aibu. Littafinka ya yi amfani. Allah ya yi maka albarka."

Abu na biyu, ba ya auna mutum a tsaye. Wani manomi ya zo daga Agyaragu neman wando. Kawu ya aro galma, ya sa shi huɗar doya a filin gaban shago, yana biye da shi da igiya. Da mutumin ya yi tuli huɗu sai ya miƙe yana share gumi.

"Baba, ɗinki na zo ko ƙwadago?"

"Koma ka duƙa. Tsawonka a tsaye kowa ya sani. Na duƙen nake nema."

Inna Asabe ba ta bar tulin nan huɗu sun tafi a banza ba. A shekarar mun ci sakwara.

Wani ma'aikacin ofis kuma ya zo da mota, ya ce ya sayi gona a Azuba, yana son kaki mai ƙarfi. Kawu ya karɓi hannunsa, ya juya tafin, bai ga kanta ko ɗaya ba.

"Ranka ya daɗe, je ka yi wata uku a gonar ka dawo. In na auna ka yau, tumbin nan zan auna, shi kuwa ba zai kai kaka ba."

Mamman ne ya fi kowa shan wahalarsa. Shekara goma sha ɗaya yana walda da wando ɗaya na ɗinkin Kawu, ya ƙi yagewa. Rannan ya shigo da shi a hannu.

"Baba Dauda, wandon nan ya ishe ni. Madam ta ce mutane za su ɗauka ba ni da wani. Ka ɗinka mini sabo."

Kawu ya ɗaga wandon a hasken ƙofa, ya ja gwiwar, ya shinshina.

"Saura masa shekara huɗu. Kawo in sake aljihu."

Amma abin da na fi tunawa shi ne bayan la'asar. Sai ya ɗauke ƙafa daga keke, ya ɗora haɓa a hannu, ya zuba wa hanya ido. Motocin doya suna wucewa, mata masu gishirin Awe suna wucewa da daro a ka, inuwar mangwaro tana tsawo har ta taɓa bakin ƙofa. A hankali yake magana, kamar mai barci.

"Dubi wancan. Rigarsa tana cin hammatarsa. Zai isa gida da fushi, ya yi wa iyalinsa faɗa, bai san riga ba ce."

Daga nan sai labarin shuɗin yadi. Yana yaro, in ji shi, ya ga wani ma'aikacin jirgin ƙasa a tashar Lafia sanye da riga shuɗiya, ruwan sama yana sauka a kanta yana gangarewa kamar a ganyen gwaza. Sau ɗaya ya gan ta. Shekara sittin yana tambayar masu yadi, su kawo, ya murza, ya ciji zare, ya mayar. Na taɓa ce masa wataƙila mafarki ya yi. Ya ce, "To ai mafarkin ma wani ne ya ɗinka rigar."

Yanzu na koma kan kakin da ya bari. Igiyar ba mu iya karanta ta ba, amma kayan mun karanta su, bi da bi. Aljihun riga yana inda hannun hagu zai fi saurin kaiwa, ke nan mai ita bahago ne. Gwiwar wando ninki uku ce, ke nan a durƙushe yake aiki. Ƙafar dama ta gaza ta hagu da yatsa biyu, kuma Kawu ba ya kuskuren yatsa biyu. Mutum bakwai sun zo sun ce nasu ne. Duk na sa su tsuguna a ciki. Babu wanda suka yi wa daidai.

Inna Asabe ta ɗinka maɓallan biyu da hannunta. Ta ce ba a rufe shagon, ba a taɓa gado, sai an sauke wa mijinta wannan nauyi. Don haka kullum bayan la'asar nake zama a kujerarsa ina duban tafiyar mutane, ina neman mai ɗingishi kaɗan ta dama. Jiya ta kawo mini kunu ta same ni ina magana ni kaɗai a kan wuyan rigar wani mai babur. Ta ajiye kofin ta juya tana goge ido da mayafi.

Allah ya jiƙan Kawu Dauda, ya yalwata masa makwanci, ya suturta shi kamar yadda ya suturta masu neman halali.

Kai mai karatu, in ka san wani bahago mai aiki a durƙushe, wanda ƙafarsa ta dama ta ɗan gaza, don Allah ka je ka same shi da kanka. Ka faɗa masa telansa ya rasu, amma kayansa sun kammala. Ya zo bayan la'asar, zai same ni a shago.