Ranar da ƙanena ya share gidan ubanmu

Tun da mahaifinmu ya rasu nake ba da hayar gidansa na garin Tawa ga baƙin 'yan kwanaki, yawanci 'yan ci-rani masu zuwa hutun Sallah. Na ga hali iri-iri. Wani ya yanka ragon layya ya bar mini tumbi a bayan randa, sai da wari ya kai maƙwabta. Wata ta jiƙa wanki a bokiti ta hau mota abinta. Ni kuwa ba na haɗiye magana. Duk wanda zan miƙa wa makulli sai na gindaya masa sharaɗi: kafin ya tafi ya share, ya wanke tukwane, ya naɗe tabarmi, ya kai shara bola. Wanda bai iya ba, ga hanya nan.

Wata Babbar Sallah ƙanena ya zo daga Abijan da matarsa da yara, bayan shekarun da har na daina sa rai. Na hana wani baƙo gidan, na buɗe masa. Ban gindaya masa sharaɗin ba, wa ke kafa wa ɗan gida doka? Burina ɗaya, ya sake ya ji a gidan ubansa yake, ko ya fara tunanin dawowa. Wallahi da na ga yaran sun zane bango da gawayi, daɗi na ji.

Ranar tafiyarsu na zo da soyayyen nama na guzuri, na tarar da tsakar gida fes. An wanke bangon. Tukwane a kife. Hatta tsohuwar rigarsa da ke rataye a ƙusa tun yana saurayi, wadda na hana kowa taɓawa, ta tafi bola.

Na ce, "Kai, wa ya sa ka wannan aiki?"

Ya ce, "Yaya, maƙwabta sun faɗa mana dokarki. Zagaya ki duba, kada mu tafi da laifi."

Ya miƙo makulli da hannu biyu, yana godiya. Ni yake yi wa godiya, a gidan da aka yanke masa cibiya! Raina ya ɓaci har na kasa yi masa masifa, ni da ba a raba ni da ita.

Na zagaya ɗin. Ɗaki bayan ɗaki nake bi, ina neman ko takalmin yaro ƙwaya ɗaya da zan ɓoye, in riƙa ce masa ya zo ya ɗauka. Ban samu ba.