Ranar Da Baba Auta Ya Fasa Zuwa Kara

"Kullum ka shirya, ka shirya! Me ka shirya? Takalmi?"

Muryar Mama Uwa ce ta ratso katangar da ta raba ɗakina da tsakar gidansu, da hantsin wata Juma'a. Shekara uku ina haya kusa da su a Wudil, ban taɓa jin ta ɗaga wa mijinta murya ba.

"Uwa, ki sassauta, akwai maƙwabta."

"Su ji mana! Sau biyu Radiyya tana kira tun da safe. Ubanta ko ruwa ba ya iya haɗiyewa, sunanka kawai yake kira. Yayanka ne fa, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Yau Juma'a, ranar kara ce. Kin san tsarina."

Kowa a layinmu ya san tsarin nan. Baba Auta Ɗantani malamin dabbobi ne mai ritaya. Shekara talatin da biyar ya yi yana bin rugage da kular allura a bayan babur, daga Achika har Ɗankaza. Kirista ne, daga gidan da rabi suka bi coci rabi suka bi masallaci. Tun da ya ajiye aiki bai bar wa yini kafa ko ɗaya ba. Gari na wayewa ya durƙusa ya yi addu'a, ya rera waƙa ɗaya ƙasa-ƙasa, ya sha shayi, ya ba zogalensa ruwa. Ƙarfe goma goge takalmi, ko da ba inda za shi. Da la'asar ya taka zuwa bakin kogi ya dawo. Ran Juma'a ya tafi kara, kasuwar shanu, inda dillalai ke ja masa hannu, "Likita, duba mana bakin wannan." Ran Asabar kuwa yakan fito da wata farar babbar riga, wadda ya ce da ita za a binne shi, ya goge ta, ya ninke, ya mayar akwati.

"Ko yau Ubangiji ya kira ni," yakan ce, "ba zan ce a dakata mini ba."

Mutane na sha'awar wannan magana. Ni abin da ya daɗe yana tsaya mini shi ne Lahadin farkon wata. Ranar ba ya shiga coci. Sai ya sa rigar masu tsaro, tsoho ɗan shekara saba'in, ya tsaya a rana yana duba jakunkunan masu shiga har a tashi. Na taɓa tambayarsa, ya ce, "Ai dole wani ya tsaya."

Yau ta katanga na sami amsar.

"Shekara goma sha biyu," in ji Mama Uwa, "kana tsaron ƙofa ranar jibin Ubangiji. Ana ta cewa Baba Auta bawan Allah. Ni fa da kai nake kwana nake tashi. Fasto yakan ce mai riƙe da ɗan'uwansa a zuci kada ya miƙa hannu ga gurasar sai sun shirya. Kai ba ka son shiryawa, ba ka kuma son a gan ka zaune ana zagaye ka da faranti. Shi ne ka gudu bakin ƙofa."

"Yahuza ya binne Inna ba tare da ni ba! Ƙasa na tarar, Uwa. Ƙasa!"

Wannan labarin ma duk mun san shi, yadda shi yake ba da shi: uwarsu ta rasu a Kausani, a gidan wansa Yahuza, aka kai ta makwanci kafin autanta ya iso.

"Baban Hajara, ka dube ni. Mai babur ɗin da aka aika da saƙon rasuwar bai same ka a ruga tun kafin azahar ba? Shanu arba'in suka rage maka. Ka ce in ƙanƙarar kula ta narke allura ta lalace, a ce su jira ka zuwa gobe. Gobe! Kamar ba a gidan aka haife ka ba. Ka san Inna salla take yi, ka san ba sa kwana da gawa. Yahuza ya riƙe mutane har bayan la'asar yana leƙen hanya, liman yana masa faɗa."

Sai na ji burushin takalmi ya tsaya.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Ba na jin ya taɓa mantawa da shanun nan arba'in. Ina jin fushi da Yahuza ya fi masa sauƙin ɗauka. Mutumin da ya makara sau ɗaya, ya mai da sauran rayuwarsa agogo, ya shirya komai tsaf, ban da abu ɗaya da ba ya goguwa da dutsen guga.

"In ka tafi kara yau," ta ce, muryarta ta faɗi, "ƙasa za ka sake tararwa. Wannan karon wa za ka ɗora wa?"

Waya ta ɗauki ƙara. Ta yi ta yi har ta katse. Ta sake ɗauka.

"Kar ki taɓa."

"In ya cika ne fa?"

Can na ji ya ce, "Radiyya? Baba Auta ne. Yana numfashi?" Ya saurara. "A'a, kar ki sa masa a kunne. Ba maganar waya ba ce."

Na ji an ja akwati. Na fito ƙofar gida na tsaya. Daga babban titi ana jiyo hon ɗin manyan motocin shanu, ranar kasuwa hanya a cushe take, kuma ba wanda ya san ko Yahuza zai kai azahar.

Ya fito sanye da farar babbar rigar nan, karin gugar Asabar na kwance a jikinta. Hularsa a karkace. Mama Uwa ta biyo shi da mayafi a hannu.

"Baban Hajara, wannan rigar ai ta..."

"Ita kaɗai ce a goge."

Na gaishe shi, bai ji ni ba. Ya ɗaga wa wani mai babur hannu, sannan ya juyo, ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa.

"Uwa, ki gaya wa fasto ya nemi wani mai tsaron ƙofa ranar Lahadin farkon wata. In na tarar da Yaya da rai, a ciki zan zauna."