Shafen Baba Sannu

A layinsu kowa Baba Sannu yake ce masa, don in ka ba shi aikin kwana biyu, to ka shirya ganinsa mako guda. Magini ne, shekara arba'in da biyar yana riƙe da cokalin gini, kuma aiki ɗaya tak ne ba ya so a tuna masa: tsohon kantin bene na bakin kasuwa.

Da jan bulo aka gina kantin tun zamanin kakanni, fuskarsa da ƙofofi uku masu lanƙwasa da adon bulo kamar kitso. Baba Sannu na saurayi lokacin da mai kantin ya ce wannan tsohon yayi ne, a lulluɓe da siminti. Shi aka ba aikin. Wata uku ya yi a kan fuskar ginin kaɗai, mai kantin na zaginsa safe da yamma, a nan ma sunan ya samo asali. Ashe siminti hana bulo shan iska yake yi. Danshi ya taru, bango ya kumbura, 'yan haya suka watse, ɓeraye suka gaje wurin. Duk wucewar da zai yi sai ya kau da kai don kunya.

Bana magadan mai kantin suka kawo wata injiniya ta duba. Ta fasa shafen ta baya, bulon ya zubo kamar gari, ta ce sai dai a rushe.

Baba Sannu ya tare ta a bakin mota. "'Yata, baya kika duba. Ki ba ni kwana goma in buɗe fuskar ginin."

"Baba, ai siminti ɗaya ne."

"Simintin ɗaya ne, amma ni na shafa. Ban iya liƙa shi a kan adon nan ba, tausayi ya hana ni. Ragar waya na kafa, na bar tazarar yatsa biyu, na yi shafen a kanta."

Ta ba shi kwana bakwai.

"Kai da ɗaurin ƙyauren kicin ya ci maka shekara?" in ji matarsa. Ya hana a sa inji, ya hau tsani da ƙaramar guduma, gwiwa na ciwo, shi ma bai san abin da zai tarar ba. Rana ta biyar wani faffaɗan ɓawo ya ɓalle ya faɗi. Sai ga bakin ƙofar tsakiya, ja wur, a bushe, ko bulo ɗaya bai gutsure ba. Tsohon nan ya dafa bango ya yi kuka, bai damu da 'yan kasuwar da suka taru ba.

Baya aka sake ginawa, gaba kuwa wanke shi kawai aka yi. Yanzu teloli ne a sama, ƙasa kuma kantin littattafai da mai gyaran agogo, iska na ratsa ƙofofin uku.

Ranar buɗewa injiniyar ta zo da ɗan allon ƙarfe za a manna a bango, ta tambaye shi cikakken sunansa.

"Rubuta Sannu," ya ce. "A nan aka raɗa min shi da zagi, gara ya zauna a nan."