Akwatin Wayoyin Kawu Nomau

Ina gona ina maimai, hantsi ya ɗan ɗaga, wayata ta yi ƙara. Inna Kulu ce, matar Kawu Nomau, yayan mahaifiyata. Ba ta tsaya gaisuwa ba. "Kawunka ya tahi," ta ce, ta kashe. Na aje hauya na zauna a kan kunya. Allah ya gafarta mini, abin da ya fara zo mini shi ne aljihun rigarsa na dama, wanda kullum yake rinjaye.

Duk wanda ya san shi daga Unguwar Lalle zuwa Sabon Birni ya san abin da ke cikin aljihun nan. Wani ɗan akwati ne na baƙar roba, ƙonanne, inda wayoyin lantarkin jirgin ruwansa ke haɗuwa. Jirgin ƙarami ne, tsoho, mai inji. A bayan wani ofishi ya same shi, akuyoyi na kwana a ciki. Ya liƙe ɓulolin, ya gyara injin, saura akwatin, wanda in babu shi ba fitila, ba famfon kwashe ruwa. Burinsa ɗaya ne: idan gulbi ya cika da damina, ya riƙa hayewa da marasa lafiya zuwa asibiti, a daina jiran mai kwalekwale.

Ba ya gama gaisuwa sai ya zaro shi. "Ka taɓa ganin irin wanga?" Gidan suna, gidan makoki, duk ɗaya. Wata rana liman ya miƙa masa hannu, sai ya ji akwati a tafinsa.

"Nomau, addu'a za ni yi mishi ko mi?"

"Yi mishi, Malam. Masu waya sun kasa."

Ba kasawa suka yi ba, shi ya ƙi. Sani mai gyaran waya a kasuwar Sabon Birni ya ɗauko gidan sabulu na roba, ya huda shi da kyau.

"Baba, wanga ya isa. Wayoyi ba su san gidan da suke ciki ba."

"Ni na sani! Jirgin da za ya ɗauki mai naƙuda, ka sa ranshi cikin gidan sabulu? Wanka za mu?"

Sai wani ɗan kasuwa ya ce masa a Maraɗi ba a rasa irinsa, kuma da Faransanci "bwat" ake kiransa. Kawu ya haddace kalmar, ya kama hanya. Yana sauka ya tsayar da mai kabu-kabu.

"Kai ni inda bwat take."

Mutumin ya dubi farin gemunsa. "Alhaji, da rana tsaka?"

"Da rana mana! Shekara biyu nike nemanta."

Ashe da wannan kalma suke kiran gidan rawa. Can aka sauke shi. Mai gadi ya ce ba a buɗe ba tukuna, tsoho ya yi haƙuri. Kawu ya zaro akwati ya nuna masa. Da ya dawo, ni kaɗai ya gaya wa, ya sa na rantse ba za ni faɗa ba. Kafin Juma'a shi da bakinsa ya ba rabin kasuwa labari. Tun daga nan, in ya sa rigar fita, sai Inna Kulu ta ce, "Tsoho, yau ma bwat za a?"

Ni ma na gwada. Na samo sabon akwati fari a kasuwar Isa, na kai masa ina murna. Ya juya shi, ya ƙirga ƙofofin wayoyin da tsinke.

"Shida. Nawa bakwai."

"Kawu, ta bakwai ta mi ce?"

"Ta ƙaho. In babu ƙaho, wa za ya san mun taho da marar lahiya, a shirya mota bakin gaɓa?"

Na yi dariya a ranar. Shi bai yi ba.

Da na isa gidan makoki Inna Kulu ta gaya mini yadda aka yi. Zazzaɓi ne da amai, kwana biyu. Da safe suka ɗora shi a amalanke zuwa bakin gulbi. Ruwa ya yi ƙarfi, mai kwalekwale ya ce sandarsa ba ta taɓa ƙasa, a jira ya ɗan janye. Suka jira. Da hantsi rai ya yi halinsa, suna kallon wancan ƙetaren.

Allah ya jiƙan Kawu Nomau, ya yafe masa, ya ba shi ladan mutanen da ya yi niyyar hayewa da su.

Jirgin na nan ƙarƙashin gawo a bayan gida. Bayan addu'ar bakwai na leƙa cikinsa. Wayoyin na reto, kowace ya ɗaure ta da zaren kaba, wata ƙulli ɗaya, wata uku, wata biyar. Shi kaɗai ya san wace ce ta fitila, wace ce ta famfo. Ban taɓa tambayarsa ba. Har yau ba a haɗa su ba.