Dutsen da Yaya Mahasin Ke Tsayar da Mu a Kai

Mu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma, ko a gida ajali ya same mu ko a ƙasar mutane. Ranar Talata, 11 ga Maris 2014, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Yaya Mahasin Hamad a wani asibiti a nan Alƙahira, bayan ta sha fama da ciwon ƙoda. Bahaushiyar Sudan ce, 'yar Mai Wurno, ta karanta tarihi a Khartoum, sannan zama ya kawo ta unguwar Hadayek el-Ma'adi a nan Alƙahira ita da mahaifiyarta, tsohuwar da duk muke kira Inna. Tana koyar da 'ya'yan 'yan gudun hijira a wata ƙaramar makaranta. Mu kuwa, ɗalibai mata da muka zo daga Najeriya karatun addini, ita ce uwarmu a garin nan, kodayake ba ta taɓa yarda a ce mata uwa ba. Cewa take tsufa ake son liƙa mata tun lokaci bai yi ba.

Yaya, na so in rubuta miki ta'aziyya mai sanyi, irin wadda ta dace da ke. Abin da aka yi a zaman makokinki ne ya hana ni, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Ranar addu'ar uku, maza suna falo, mu mata muna ɗakin Inna, ƙofa a buɗe. Aka ce Malam Harun, wani ɗalibin digiri na uku da ake ji da shi a cikinmu, ya yi addu'a. Ya fara da kyau. Can sai ya gyara murya ya ce, "Allah Ya yafe wa baiwar nan Tasa kwasar 'yan'uwanmu mata da take yi zuwa gidajen gumaka a Iskandariyya. Mun yi nasiha tana raye, ba a ji ba." Wasu suka ce amin, ban sani ba ko sun ji abin da suke amsawa. Ni dai na ji hannun Inna ya damƙe wuyan hannuna.

Ta ce, "Humaira, ya binti, 'yata, gaya mini gaskiya don Allah. Wurin gumaka take kai ku?"

Na rantse mata ba haka ba ne. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa mai lallashi, ta sake ni. Tsohuwar nan da aka kawo mata labarin rasuwarki ta ɗauka da haƙurin da ya ba mu kunya, daga ranar nan ta daina cin abinci, sai shayi. Ta ce mini rashinki za ta iya jurewa, abin da ya fi ƙarfinta shi ne rashin sanin halin da kika tafi a ciki. Malami ne ya faɗa, da Larabci a bakinsa, ita kuwa ba ta taɓa taka Iskandariyya ba. Da me za ta ƙaryata shi?

To bari in faɗi inda kike kai mu, kowa ya ji.

Duk wadda ta yi karatu a nan ta san shafawi, jarrabawar baki, inda za ki zauna gaban shehunnai su tambaye ki ki amsa. Mu da muka tashi ana hana mu ɗaga murya gaban manya, nan ne muke mutuwar zaune. Karatu yana kai, baki ya ƙi buɗewa. A shekarata ta farko na haddace komai, shehi ya ce in karanta, sai na ji muryata kamar ta sauro. Ya ce bai ji ba. Na sake, ya ce bai ji ba. Na fito ina kuka har tashar metro, jirgin ƙasan cikin gari, kuma a ranar wata ta kai ni gidanki.

Ba ki yi mini wa'azi ba. Kika zuba mini miyar kuka da kisra, siririyar wainar dawa ta mutanen Sudan, kika ce, "Khalas, ya isa, share hawaye. Ranar Asabar za mu Iskandariyya, akwai maganinki can."

Haka kike yi duk shekara kafin jarrabawa. Ki tara sababbin zuwa a tashar jirgin ƙasa ta Ramsis da sassafe, kina ta "yalla ya banat", wato mu je 'yan mata, kamar mai kora awaki, jaka cike da ta'amiyya, ƙosan Masarawa, da goran zoɓo. Jirgi ya sauke mu, mu taka kaɗan zuwa Kom el-Dikka, inda aka tono tsohon garin Rumawa a tsakiyar birni, benaye sun kewaye shi da shanyar mutane a tagogi. Akwai dandali a ciki, kujerun farin dutse hawa-hawa sun yi rabin da'ira. A ƙasa, a tsakiya, akwai wani zagayayyen dutse. A ranar da kika kai ni, kika zaunar da sauran can sama, kika tsayar da ni a kai kika ce in faɗi sunana da na garinmu. Na ce Humaira daga Birnin Kudu, a hankali yadda na saba. Wallahi sai na ji muryar ta dawo mini cikin kunne, cike, kamar ta wata babbar mace. Na ja da baya don tsoro, kika fashe da dariya kika ce, "Taki ce, ba aljani ba ne. Koma ki karanta mana abin da shehin ya ce bai ji ba."

Daga nan ki zagaya da mu ɗakunan da ke gefe, masu bencin dutse a jikin bango da mazaunin malami a can ƙurya. Ki ce ɗalibai ne suka zauna a nan tun kafin Musulunci ya iso Masar, sun baro garuruwansu kamar mu, suna kewar gida kamar mu, yau ko sunan ɗayansu ba mu sani ba. Ki ce mu duba da kyau, domin mu ma za a wayi gari ana nuna inda muka zauna. Ban taɓa jin wa'azin mutuwa da ya shige ni kamar wannan ba. Kina nuna mana daɓen da aka yi wa zanen tsuntsaye da ƙananan duwatsu, kina musu da mu ko wannan agwagwa ce ko dinya. In lokaci ya rage mu je Amudus Sawari, dogon ginshiƙin jan dutsen nan, ki dafa ƙugu ki ce daga kudu aka sassaƙo shi, wajenku, aka biyo kogi da shi, saboda haka kar kowa ya yi miki gori. Azahar na yi kuwa, ke ce ta farko wajen neman masallaci.

Akwai mutum-mutumi a wuraren, ba zan ɓoye ba. Akwai su ma a shatale-talen Alƙahira, Malam yana wucewa ta gabansu a bas kullum, ban ji ya ce direba ya sauya hanya ba. Hotonsa a kan raƙumi gaban dalar Fir'auna kuwa, kowa ya gani, har da rawani da baƙin tabarau. Shi yawon ɗaukar darasi ya je, mu kuma bautar gumaka. Abin da ya fi ƙona mini rai, matarsa Ummukulthum tana cikin ɗakin nan ranar, kanta a ƙasa tana hawaye. Ita ce ta fi kowa tsoron shafawi a shekararsu, ke kika tsayar da ita a kan dutsen nan har sau biyu. Yau ita ke koyar da matan unguwarsu tajwidi, yana alfahari da ita a taro. Bai taɓa tambayar inda ta samo muryar ba.

Malam, in kana da saɓani da ita a kan ziyarar kufai, malamai sun yi magana a kai, kuma tana raye shekara da shekaru ƙofarta a buɗe. Nasihar da ka ce ka yi, a bayan idonta ka yi ta. Ka jira sai da aka rufe ta da ƙasa, ka zo gidanta, ka sha shayinta, ka saka wa tsohuwa tsoro a zuci da sunan addu'a. Wannan ba ilimi ba ne, rashin tausayi ne, kuma Inna tana da haƙƙi a kanka.

Da muka ga Inna tana ta ramewa, muka daina rantsuwa. Asabar ɗin da ta wuce muka ɗauke ta, mu 'yan tsohuwar tawagarki, muka hau jirgin nan na safe. Muka isa Kom el-Dikka. Muka sauko da ita a hankali, tana dogara sanda. Da ta shiga ɗaya daga ɗakunan nan, ta dubi bencin, ta dubi mazaunin malami, ta shafa dutsen da tafin hannu.

Ta ce, "Wannan ai makaranta ce. Nan malam, nan ɗalibai. Ina gumakan?"

Muka kai ta dandalin, muka tsayar da ita a kan dutsenki, muka hau sama muka zauna yadda kike zaunar da mu. Sannan ta ce, "Ya Allah, ga Mahasin nan." Muryar ta dawo mata, ta zabura, ta waiga hagu da dama, har ta yi ɗan murmushi. Sai ta jingine sandar a jikinta, ta ɗaga hannu biyu, ta yi miki addu'a da Hausarta ta Mai Wurno, doguwa, da ƙarfi, har mai gadin wurin ya tsaya yana cewa amin. Da ta gama ta share fuska da mayafi ta ce, "Tamam, madalla. Humaira, ina kisrar da kuka zo da ita? Yunwa nake ji."

Yaya Mahasin, Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya sa jinyar da kika sha ta zama kaffara, Ya yalwata kabarinki Ya cika shi da haske. Duk harafin da ɗayanmu ta karanta a fili ba tare da rawar murya ba, Allah Ya kai miki ladansa. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da ƙaninki Amjad, da ƙanwarki Sulafa da dukkan dangi a Mai Wurno, da yaran makarantarki da har yanzu suke tambayar yaushe za ki dawo. Allah Ya ba su haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Ya Allah, Ka karɓi addu'ar da Inna ta yi wa 'yarta a kan dutsen nan. Mu da muke can layin ƙarshe ma mun ji ta sarai.