Shafukan da Gara Ta Ci wa Sodangi

Allah ya jiƙan Sodangi baduku na bakin kasuwar Wurno, wanda muka rasa bana. Kullum bayan la'asar yakan ajiye basilla, ya karanta wa manoman albasa tsoffin littattafan hikaya a rumfarsa. Mutanen cikin littafi maƙwabta ya ɗauke su, har faɗa yake yi musu.

Wanda aka fi so shi ne labarin wani falke mai taurin kai, amma gara ta cinye shafukansa na ƙarshe. Sodangi bai taɓa faɗa wa kowa haka ba. In ya zo wurin, sai ya ƙura wa takarda ido, ya maido falken gida lafiya da bakinsa.

Ran nan Malam Yazid, malamin makaranta daga Rabah, ya kawo cikakken littafin. Shekara goma ke nan mutane na gaskata karatun Sodangi. Duk da haka ya karɓa ya karanta. Ashe falken ya ƙi shawara, ya mutu a hanya.

"Sodangi, mi ke nan?" in ji wani tsoho. "Ba kai kam maido shi gida ba?"

Sodangi ya goge ƙwalla yana murmushi. "Baba, tausayinai nij ji. Amma mai littahin ya hi ni sanin halinai. Mai kunnen ƙashi irin wanga, wa ka iya maido shi?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Tun daga ranar, in an zo ƙarshe sai su ce, "Karanta na mai littahi, sannan ka ba mu naka."