Gaisuwar da Baba ya rage

Mahaifina magini ne a Damagaram, kuma mutum ne da ba ya ha'inci a gaisuwa. In ya kira ni a waya sai ya bi ta daki-daki: ina kwana, ina gajiya, ina sanyi, ina maƙwabta, har tsohuwar da ke ƙasan benenmu a Lyon, wadda bai taɓa gani ba, sai ya tambayi ƙafarta. Abu guda ya cire. Tun da na gama karatun zanen gine-gine na kama aikin gyaran tsofaffin gine-ginen dutse, ya daina ce mini "ina aiki".

Na san dalili. Wani ɗan'uwanmu mai bakin ganga ya je gida hutu ya ba da labari cewa ɗiyar malam magini tana can tana gina wa Nasara majami'u. Ba ƙarya ce zalla ba, don a cikin abin da muke gyarawa akwai majami'u, akwai gidaje, akwai gadoji. Baba bai yi mini faɗa ba, bai ce in bari ba. Ya dai tsallake wurin, kamar mai tsallake kwata. Ni kuma na gado taurin kansa, ban taɓa tayar da zancen ba. Amma duk ranar da muka ajiye waya sai abin ya yi ta damuna, don a wurinsa na fara son gini, tun ina ƙarama ina bin sa ina kallon yadda yake jera tubali.

Da yanar ido ta rufe masa gani, ni da yayana muka haɗa ƙarfi muka kawo shi. A Lyon za a yi aikin, amma ya fara sauka wurin yayana a Saint-Denis, kusa da Paris, don ya huta. Na hau jirgin ƙasa na same su. Ya rame, yana tafiya yana laluben iska da hannu ɗaya. Haske da duhu yake gani, sai launi in ya yi ƙarfi.

Ranar kasuwa na fita da shi ya miƙe ƙafa. Yana jin ƙamshin gasasshiyar masara da hayaniyar masu kifi sai ya saki jiki, har yana taya wata ƴar Mali ciniki da hannu. Muna isowa babban fili sai ruwa ya sauko, irin siririn nan na Paris mai shiga ƙashi. Ba mu da laima. Inuwa mafi kusa ita ce ƙofar tsohuwar majami'ar sarakuna, muka raɓe a bakinta.

Baba ya jingina da bango, sai na ga tafin hannunsa ya fara yawo a kan dutsen. Haka yake yi da kowane bango, ko na gidan suruki ne.

"Wannan na mene ne?" ya ce.

"Eglis ce, Baba. Nan ake binne sarakunan ƙasar a da."

Ya janye hannun. Can sai hannun ya koma da kansa.

"Ta kai shekara nawa?"

Na ce masa wani sashen ya haura shekara ɗari takwas. Ya yi tsaki, irin na wanda ake so a yi wa wayo. Ya ce ba ginin da zai kai haka a ƙasar da ruwa ba ya hutawa. Na ce to ga shi yana taɓa shi. Iska ta kaɗo mana ruwan, wani mai gadi ya yi mana alama mu shigo ciki. Na ɗauka Baba zai ƙi. Sai kawai ya sunkuya ya tuɓe takalmansa.

"Baba, nan ba a cirewa."

"Ba ɗakin ibadar mutane ba ne? Ni ba na shiga wa mutum ɗaki da takalmi."

Haka ya shiga da safa a kan dutse mai sanyi kamar ƙanƙara, takalmi a hammata, baƙi masu ɗaukar hoto suna kallonmu. Kunya ta kama ni, sannan na ji kunyar jin kunyar.

Muka yi gaba a hankali. Da muka kai tsakiya ya ɗaga kai. Ko a rana mai hadari, tagogin nan masu gilashi ja da shuɗi suna zubo haske ta ko'ina, kuma launi ne abin da ya rage wa idonsa.

"Ina bangon?" ya ce.

Wannan tambayar ita ce dukan tarihin wurin, ita muka yi shekara muna karantawa a lakwal. Na gaya masa cewa wani shugaban masu ibada na gidan ne ya so haske ya cika ɗakin, maginansa suka rage bango har ya kusa ƙarewa. Suka ɗora nauyin rufin a kan bakuna masu tsini, bakunan suka sauke shi kan ginshiƙai, daga baya aka tokare ginin ta waje, sai aka samu wurin sa gilashi. Daga nan salon ya bazu a ƙasashen Turai.

"Baka?" ya ce. "Kai ni in ji."

Na kai shi gindin wani ginshiƙi. Ya bi siraran sandunan dutsen da yatsa har inda hannunsa ya tsaya, ni kuma na riƙe ɗaya hannun na zana masa a iska yadda suke hawa su rabu su gamu a sama. Sai ya yi dariya, karo na farko tun saukarsa.

"Ɗaurin guga ne! Irin na soron kakanki. Mu da azara da laka, su da dutse."

Ya shiga ba ni labarin yadda ake jera azara tana ɗan leƙowa kan ƴar'uwarta har baka ya haɗe, labarin da na ji sau ba adadi, na saurara kamar sabo. Na kai shi wurin kaburbura, inda aka sassaƙa sarakuna da matansu kwance, zaki ko kare a ƙafafunsu. Waɗannan bai taɓa ba. Da na ce masa babu kowa a ciki, an tone ƙasusuwan lokacin juyin juya hali an zuba a rami, ya girgiza kai ya ce Allah ya sa mu cika da kyau, muka wuce.

A wani lungu yatsansa ya tsaya kan wani dutse da ya fi na kewayensa santsi.

"Wannan sabo ne."

"An canza shi. Ruwa ya ci na da."

"To. Ashe su ma suna yaɓe." Ya juyo da fuskarsa wajena. "Wa ke yi musu?"

Na ce, "Mutane irina, Baba."

Ya ƙara shafa dutsen, ya bi layin da ya haɗa sabo da tsoho da farce, yana neman inda aka yi algus. Sannan ya ce ƙafarsa ta yi sanyi, mu tafi. A metro, jirgin cikin gari, bai yi magana ba, a jirgin Lyon ma barci ya yi ta yi. Na ce a raina shi ke nan, na ɓata abin da ma bai gyaru ba.

Aikin ido ya yi kyau a ɗaya, ɗayan bai dawo ba. Ya zauna wurina har ya warware, yana ƙorafin burodinsu ya cika tauri, kuma ko sau ɗaya bai tambayi inda nake zuwa kowace safiya da hular kwano ba. Da damina ta matso ya ce shi gida zai koma, akwai soraye da ke jiran yaɓe.

Ina kan dandamalin katako a jikin wani tsohon bango, hannuna duk farar ƙasa, wayarsa ta farko ta shigo. Ya fara kamar kullum. Ina kwana, ina gajiya, ina sanyi, ina tsohuwa mai ƙafa. Na riga na buɗe baki zan ce a gaida su Inna, don nan gaisuwar take ƙarewa.

"Ina aiki?" ya ce.

Na zauna a kan katakon, hawaye na zuba kan rigar aiki, abokin aikina yana tambayata da Faransanci ko lafiya.

"Alo? Ɗiyata, kina jina? Na ce ina aiki."

"Aiki da godiya, Baba."

"Madalla," ya ce. "Ki dinga duba inda ruwa ke kwana. Ta nan yake fara cin bango."